Yadda ake juya mataimakan aikatau na Ingilishi daga yanzu zuwa jiya

Ɗalibin Maraɗi yana fara Ingilishi ne a koleji, bayan ya shafe shekara shida a firamare yana karatu da Faransanci, shi ya sa wasu kurakuransa daga Faransanci suke fitowa. Alhali Hausar da yake yi a gida ta fi kusa da abin da ake nema. Dubi "ya saya", "zai saya", "yakan saya": kalmar "saya" ba ta motsa ba, ɗan abin da ke gabanta ne ya ɗauki lokaci. Haka mataimakin aikatau, wato ƙaramar kalmar da ke raka kalmar aiki (aikatau), yake aiki a Ingilishi.

Fara da manya guda uku. Am da is suna komawa was, are kuma were. Have da has duka had ne. Do da does duka did ne. You kullum were yake ɗauka, ko da mutum ɗaya kake yi wa magana, don haka "you was" kuskure ne.

Did yakan kayar da yara a jarabawar BEPC, wato jarabawar ƙarshen koleji. Da zarar ya shigo jimla, ya riga ya ɗauke kayan jiya, sai aikatau ya koma siffarsa ta asali. "He went to Jibiya", amma "Did he go to Jibiya?" da "He didn't go". Wanda ya rubuta "Did he went" ya ɗora alamar jiya sau biyu a jimla guda. Ka ja layi biyu a littafinka, yanzu a hagu, jiya a dama, ka juya jimla biyar kowace rana zuwa tambaya da korewa, kana karantawa da ƙarfi har kunnenka ya saba.

Sai tarkon Faransanci. Yaro ya saba da "je suis allé", sai ya rubuta "I am went". Daidai shi ne "I went". Haka "je l'ai vu hier" yake jan hannu zuwa "I have seen him yesterday". Have ba ya zama da kalmar da ta yanke lokaci kamar yesterday ko last week. "I saw him yesterday" ake cewa.

Can na komawa could, will would, shall should, may might. Ba sa karɓar s, ba a sa to bayansu: "she can swim". Must ba shi da siffar jiya, had to ake arowa: "We had to wait at Dan Issa."

A nan akwai abin lura sosai. Siffar jiya ba kullum jiya take nufi ba. Ɗan kasuwar da ya ce "Could you reduce the price?" yanzu yake neman ragi, cikin ladabi kawai. Should kuwa shawara ce ta yau. In ana nufin abin da ya kamata a yi amma ba a yi ba, "should have gone" ake cewa.

Gajerun siffofi ma sukan rikita mai karatu. He's na iya zama is ko has, he'd kuma had ko would. Kalmar da ta biyo baya ce za ta warware maka: "he'd gone" had ne, "he'd go" would ne.