Shuka attarugu a ƙasar sanyi: kada ranar Afrilu ta ruɗe ku

Kowace shekara sai na ga sabon zuwa ya watsa irin attarugu a bayan gida cikin watan Mayu, ya naɗe hannu yana jiran tsiro. 'Yan'uwa, nan ba haka ake yi ba. Mutanenmu da suka daɗe a Turai suna cika tukwane da jan attarugu har su rabar, amma sun san lissafin wurin. Irin ba ya motsi sai ƙasa ta yi ɗumin digiri 25 zuwa 30, ko da hakan ma yakan yi mako biyu zuwa huɗu kafin ya leƙo, bayan dashe kuma yana son wata uku zuwa huɗu kafin ya nuna. Wanda ya shuka a Mayu, sanyi zai riske shi da ɗanyun 'ya'ya.

A ɗaki ake farawa, Janairu ko Fabrairu: ƙaramin mazubi mai huda a gindi, ƙasar reno mai laushi, a rufe da leda a ajiye wuri mai ɗumi. Da ya tsiro a cire ledar, a kai shi tagar da ta fi samun rana. Wannan ba wuya.

Inda ake kuka shi ne fitarwa. Afrilu zai zo da rana mai daɗi, mutum ya cire rigar sanyi, zuciya ta ce lokaci ya yi. Ƙarya ce. Dare ɗaya raɓa ta daskare, da safe ka tarar ganyen ya yi baƙi ya langaɓe kamar an watsa masa tafasasshen ruwa, wahalar wata uku ta tafi. Na gaya wa wani ƙanenmu ya dakata, ya ce shi ɗan manomi ne. To, noman da ya sani bai san ƙanƙara ba. Ku jira sai sanyin dare ya daina sauka ƙasa da digiri 10, wanda a wurare da yawa sai ƙarshen Mayu ko farkon Yuni. Ko a lokacin ma da lallami: ku fitar da shi inuwa da rana, ku shigo da shi da yamma, kuna ƙara masa lokaci har mako ɗaya ko biyu. Tsiron da ya tashi bayan gilashi, rana tsirara tana ƙona shi.

Kuma don Allah, in gidan haya kuke, ku bar shi a tukunya. Na san wanda ya kafta ciyawar mai gida ya yi kunyoyin shuka, ranar tashi aka zaftare masa kuɗin ajiya. Tukunya mai lita 10 ta ishe shi.

Attarugu ba na shekara ɗaya ba ne, sanyi ne ke kashe shi. Kafin raɓar Oktoba ku rage rassan, ku shigo da shi kusa da taga, ku rage ban ruwa sosai, ku riƙa duba bayan ganye saboda ƙananan kwari masu tsotsa. Wanda ya tsallake hunturu yakan riga sabon shuka fure.