Bincike Kan Ɓeraye a Amurka: Lissafin Watanni Kafin Ka Sa Hannu

Wanda ya gama digirin digirgir ya samu gurbin bincike da ɓeraye kan cutar mantuwa ta Alzheimer ko ALS (cutar jijiyoyi mai shanye jiki) a wata jami'ar Amurka, abin da zai fi ba shi wahala shi ne lokaci. Yawanci kwantiragi na shekara ɗaya ne ana sabuntawa, bizar J-1 ta baƙin masu bincike kuma ba ta wuce shekara 5, alhali ɓera ba ya tsufa don kana sauri.

Saboda haka tun a hirar ɗaukar aiki ka tambayi shugaban ɗakin binciken: ɓerayen suna nan a keji? Watansu nawa? Idan sai ka zo za a fara haɗa su barbara, ka lissafa kwana 19 zuwa 21 na ciki, mako 3 kafin yaye, sannan jiran cuta ta bayyana. Irin ɓeran da ake kira 5xFAD yakan fara tara amiloyid, furotin da ke taruwa a cutar Alzheimer, a ƙwaƙwalwa tun wata 2. Irin PS19 kuwa sai wajen wata 9 shanyewar jiki take kama shi, rabin kwantiraginka ya tafi ke nan har da ƙari.

Ba za a bar ka ka taɓa ko ɓera ɗaya ba sai kwamitin IACUC, mai kula da amfani da dabbobi a bincike, ya sa sunanka a takardar izinin aikin, bayan ka gama horo da tantance lafiya. Ka fara cike waɗannan a makon farko, tare da neman lambar Social Security, wadda ake amfani da ita wajen albashi da haraji.

Ga inda sababbi suke yin asara. Asalin 5xFAD daga haɗin ɓerayen da ake kira B6SJL ne, kuma wasunsu suna gadon makanta ta ƙwayar halittar rd1. Idan ka jefa makahon ɓera a kwamin ruwa na gwajin Morris, wanda ake auna tunawa da shi, ya yi ta kewaya bango bai ga alamun da aka manna ba, sai ka rubuta cewa mantuwa ce. Don kauce wa haka, ka gwada ƙwayar halittar rd1 daga ɗan yankin kunnen ɓeran da za ka cira. Haka SOD1-G93A, irin ɓeran binciken ALS: idan adadin kwafin ƙwayar halittar cutar ya ragu a zuri'a, cutar takan jinkirta, ka ɗauka maganinka ne ya yi aiki.

Batun sallar Juma'a, ka faɗa tun farko a tsara, domin gwajin ɗabi'ar ɓeraye a ƙayyadadden lokaci guda ake yin sa kowace rana.

Tallafin kuɗin bincike na F32 daga NIH, hukumar binciken lafiya ta Amurka, na 'yan ƙasa ne da masu katin zama na dindindin. Tallafin K99 yana karɓar baƙo, amma sai ka nema kafin ka wuce shekara 4 a aikin bincike bayan digirin digirgir.