Yadda Ake Fara Koya wa Matashi Wasan Harbi Cikin Aminci

Kafin a kai matashi filin harbi, wajibi ne mahaifi ya san abin da doka ta tanada. A Najeriya, Dokar Bindigogi ta 1959 ta hana ba da lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, kuma ko bindigar iska, wadda ke harbi da ƙarfin iska maimakon albarushi, sai da izini ake mallakarta. Saboda haka, a yi koyon a filin da hukuma ta amince da shi, a gaban ƙwararren mai horarwa.

Darasin farko ba ya buƙatar harsashi ko ɗaya. A buɗe bindigar a gaban yaron, ya leƙa da idonsa ya tabbatar babu kome a ciki, sannan a koya masa ya riƙe ta kamar an ɗura ta. Bakinta kada ya taɓa fuskantar mutum, ko da wasa, yatsansa kuma ya kwanta a miƙe a jikin bindigar, nesa da kunama, har sai ya daidaita saiti. Ya kuma san abin da ke bayan abin da zai harba, domin ƙaramin harsashi mai lamba .22 yana iya tafiyar fiye da kilomita 1.

A ganina, bindigar iska ce ta fi dacewa da mai koyo, domin ba ta da ƙara mai firgitarwa, ba ta kuma dukan kafaɗa. Irinta ake amfani da ita a gasar Olamfik, daga nisan mita 10, da ɗan harsashin dalma mai faɗin milimita 4.5. A zaunar da shi, a ɗora bindigar a kan buhun yashi, ya sa tabarau na kariya, a riƙa ba shi harsashi ɗaya-ɗaya.

Lokacin da na fi jin tsoro shi ne sa'ad da yaro ya sami abin da ya auna karon farko. Murna takan sa ya juyo da sauri yana cewa, "Baba, ka gani?", bakin bindigar kuwa ya biyo shi. Don haka babba ya tsaya dab da bayan kafaɗarsa, inda hannunsa zai kai ga bindigar nan take. Idan hakan ta faru, a dakatar da harbin a natse, ba tare da tsawa ba, a koma darasin farko.

Bayan an tashi, ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci saboda gubar dalma. A kulle bindigar babu kome a cikinta, harsasai a wani akwati dabam, makullan kuma su zauna a hannun babba shi kaɗai.