Kurakuran da muke yi in mun tashi zane ko wasa kan nutsewar jirgin ruwa

Shekaranjiya a fadarmu nan Yantala, shayi na biyu bai ma sauka ba wani ƙanena ɗan Tahoua mai koyon zane ya buɗe waya ya nuna mini tablon da ya yi kan ƴan ci-rani da suka nutse a teku. Yaron hannunsa ya faɗa wallahi, ruwan kamar ya jiƙa ka. Na ce to wa ya yi laifi a nan? Ya ce yaya ai ƙaddara ce.

To daga nan matsalar take farawa. Kowa da ranarsa, ba mai gardama, amma iska ba ta sayar da tike. Dubi Joola, jirgin gwamnatin Senegal da ya kife ranar 26 ga Satumba 2002 a gaɓar Gambiya, ya taso daga Ziguinchor za shi Dakar. Jirgin mutum 500 da ƴan kai ne, aka loda masa kusan 2,000, lissafin hukuma mutum 1,863 suka rasu, 64 kaɗai suka fita, ko Titanic da ake ta labari bai ci rai haka ba. Iska ta taso a daren gaskiya ne, amma in ka zana hadari da igiyar ruwa kawai ka wanke duk wanda ya tsaya yana kallo ana lodi. Gyaran ba wuya, ka koma baya da awa goma, zana bakin tasha, tagar tike, mutane na ta hawa jirgi ya riga ya karkata.

Sai kuskuren da ni kaina na tafka, wato ɗora wa direban jirgi komai. Wata shekara mun yi tiyatar, wato wasan kwaikwayo, a Tahoua, muka sa mai tuƙa jirgin roba ya zama mugu, ga tabarau ga taba a baki yana zagin fasinja, jama'a suka yi ta tafi mu kuma kai ya kumbura. Da aka tashi wata tsohuwa ta riƙe mini hannu ta ce, ɗana, wanda ya karɓi kuɗin nawa yaron a Agadez da wanda ya tsare shi a Sabha ta Libiya sai da muka sayar da gona, ina suke cikin wasanku? Ban sami bakin magana ba. Daga baya ne ma na gane sau da yawa mai riƙe da injin shi ma ɗan ci-rani ne, an yafe masa kuɗin jirgi ne aka nuna masa yadda ake tuƙi, masu jirgin suna tudu abinsu, in an isa Italiya kuma shi ake kamawa. A Joola ma haka ta faru, a 2003 shari'ar Senegal ta rufe maganar ta ce laifin kyaftin ne, shi kuwa ya mutu cikin jirgin, mamaci ai ba ya musu. In wasanka ya tsaya kan mutum guda ka taya manya rufe fayil ne ba ka sani ba. Ka jero su duka, ɗan kamasho, mai geto wato gidan da ake tara ƴan ci-rani, mai karɓar na goro a shinge, wanda ya ji kiran ceto ya yi jinkiri.

Ƙyuyar bincike ita ma tana kashe mu. Akwai wani tablo na mai zanen Faransa Théodore Géricault a gidan tarihin Louvre a Paris, tsawonsa wajen mita 7, kan jirgin Faransa mai suna Méduse da ya kafe a yashi a gaɓar Muritaniya a Yulin 1816 a hanyarsa ta zuwa Saint-Louis ta Senegal. Kyaftin ɗin, Chaumareys, ya yi wajen shekara 20 bai tuƙa jirgi ba, sanayya da gidan sarauta ta ba shi muƙamin. Manya suka shige kwale-kwalen ceto, aka tara mutum 147 kan katakan da aka ɗaure, aka sake su, bayan kwana 13 mutum 15 aka tarar da rai. Géricault bai zauna ɗaki ya ƙirƙiro ba, ya nemi waɗanda suka tsira ya zauna da su, ya sa aka haɗa masa ƙaramin samfurin katakan, har asibiti ya riƙa zuwa yana kallon yadda jikin mamaci yake sauya launi. Kuma abin da ya fi burge ni, kyaftin ɗin ba ya cikin hoton sam, amma da aka baje shi a Paris a 1819 mutane sun san da wa ake. Mu nan fa ba mu rasa waɗanda za mu tambaya ba, ƙauyukan Adar cike suke da waɗanda suka dawo daga Libiya. Ka zauna da su, za su gaya maka yadda man fetur in ya gauraya da ruwan gishiri yake ƙona fata, da yadda mai ƙaramin kuɗi ake tura shi can ƙasan jirgi. Ba za ka zana teku kamar tafkin Tabalak ba kuma.

Gawa ma a yi hattara. Hoton da ya zagayo WhatsApp ɗan wani ne, kar ka kwafe fuskarsa uwarsa ba ta sani ba. A 2019 an kai ainihin jirgin da ya nutse ranar 18 ga Afrilu 2015 tsakanin Libiya da Italiya, wanda mutum 28 kawai suka tsira cikin ɗaruruwa, aka girke shi a baje kolin zane-zane na Venise a Italiya ba ko allon bayani, baƙi na wucewa suna ɗaukar hoto, aka yi ta suka. In za ka nuna abu irin wannan ka rubuta rana da wuri da abin da ya faru a gefe.

Masu waƙar faɗakarwa kuma don Allah ku rage kiran mamatan makwaɗaita. Wanda damina ta ƙi masa shekara biyu a jere ba kwaɗayi ya fitar da shi ba. Kuma kar zafin rai ya sa ka kama sunan wani ba hujja a hannu, kotu za ka tsinci kanka, kujera da hula da hatimi sun isa, mai kallo ba yaro ba ne.

Ƙanen nawa dai ya ɗauki tablonsa ya koma. Ɗazu ya turo mini hoto, ya bar tekun yadda yake, amma a kusurwar ƙasa ya ƙara wani hannu mai agogo yana ƙirga ƴan jika goma-goma, na ce masa ya rage ƙyallin agogon don ya fi fuskokin mutanen ɗaukar ido.