Yadda Ake Gane Irin Mulkin Kama-Karya da Ƙasa Ke Ciki

Ɗalibin kimiyyar siyasa a Jami'ar Jos da ɗan jaridar da ke aiko rahoto daga Abuja sukan faɗa rami ɗaya: duk gwamnatin da ba ta dimokuraɗiyya ba, sai su yi mata kuɗin goro da sunan kama-karya. Alhali kama-karya suna ta tara. Kada ka kula da sunan da ƙasa ta raɗa wa kanta, don Koriya ta Arewa ma akwai kalmar dimokuraɗiyya a sunanta. Fara da tambaya ɗaya: idan shugaba ya gaza, su wa ke iya sauke shi?

In amsar ita ce manyan hafsoshi, mulkin soja ne. Alamominsa a fili suke: a jingine kundin tsarin mulki, a rushe majalisa, a koma mulki da dokokin soja. Nemi dokokin ka karanta da kanka. A Najeriya, Doka ta 2 ta 1984 ta ba da damar tsare mutum ba tare da shari'a ba, Doka ta 4 kuwa da ita aka ɗaure 'yan jarida biyu na jaridar Guardian ta Najeriya. Sai ka duba ko majalisar ƙoli ta soja tana zama da gaske, ana musu a cikinta. Irin wannan mulki daga bariki yake karyewa. Gowon yana taro a Kampala abokan aikinsa suka kifar da shi a Yulin 1975, haka aka yi wa Buhari a Agustan 1985.

A nan ake yawan yin tuntuɓe, domin kaki ba ya canzawa amma mulkin yakan rikiɗe ya zama na mutum ɗaya. Lura da abu uku. Na farko, makomar na hannun daman shugaba: a Disambar 1997 aka kama Janar Oladipo Diya, mataimakin Abacha, bisa zargin juyin mulki. Na biyu, masu gadin fada: shin daga hedikwatar soja suke karɓar umarni, ko daga bakin maigida kai tsaye? Na uku, jam'iyyun jeka-na-yi-ka. A 1998 an yi gangamin roƙon Abacha ya zarce a Abuja, sannan jam'iyyu biyar ɗin da aka yi wa rajista duk suka tsayar da shi shi kaɗai. In ka ga haka, babu sauran wata majalisa da za ta ce masa kul. Mobutu ya riƙe Zayar (Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo ta yanzu) a haka daga 1965 zuwa 1997. Matsalar wannan tsari ita ce magaji, shi ya sa da Eyadema na Togo ya rasu a 2005 sojoji suka yi maza suka ɗora ɗansa Faure.

Mulkin jam'iyya ɗaya gwajinsa mai sauƙi ne: an taɓa canza shugaba, gwamnati ta ci gaba kamar ba a yi ba? Nyerere ya sauka a 1985, Ali Hassan Mwinyi ya hau, jam'iyyar CCM tana nan daram a Tanzaniya. Jam'iyyar Kwaminis ta Sin tun 1949 take kan mulki. Irin wannan ya fi na soja daɗewa, saboda akwai layi, kowane ɗan jam'iyya yana sa ran rabonsa zai zo.

Sarauta mai cikakken iko ba ta da wuyar ganewa: Saudiyya, Oman, da Eswatini inda Sarki Sobhuza na Biyu ya haramta jam'iyyu a 1973. Kada dai ka sa Ingila a ciki, can majalisa ke mulki.

Mai wahalar shi ne inda ake zaɓe a kan kari, ga 'yan adawa, ga akwati, amma sakamako sananne ne tun kafin a dangwala. Ɗauki zaɓuka uku na baya-bayan nan ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Wa ya naɗa shugaban hukumar zaɓe, wa kuma zai iya korarsa? An hana wani babban ɗan takara tsayawa, kuma da wace hujja? Saurari rediyon gwamnati na mako guda da agogo a hannu, ka rubuta mintocin da kowane ɓangare ya samu. Sannan ka duba wa'adi. Kamaru ta cire iyakar wa'adi a 2008, Paul Biya kuwa tun 1982 yake kan kujera. Yuganda ta cire nata a 2005, ta kuma cire iyakar shekaru 75 a 2017. Shi kansa yunƙurin tazarce ba shi ne hujja ba, abin lura shi ne ko akwai mai iya taka masa burki. Majalisar Dattawan Najeriya ta yi fatali da batun wa'adi na uku a Mayun 2006, magana ta mutu. A Nijar kuwa, da majalisa da kotun tsarin mulki suka ƙi, Tandja rushe su ya yi a 2009, sojoji suka hamɓarar da shi a Fabrairun 2010.

Maguɗi kaɗai bai isa ka yanke hukunci ba. Nemi shaidar cewa mai mulki zai iya faɗuwa ya miƙa, kamar yadda aka gani a Najeriya a 2015.

Haka kuma yawan jam'iyyu kada ya ruɗe ka. A 1989 gwamnatin Babangida ce ta ƙirƙiro SDP da NRC, ta rubuta musu manufofi, ta gina musu ofisoshi har ƙananan hukumomi. A Jos SDP ta tsayar da Abiola a Maris na 1993, aka yi zaɓe ranar 12 ga Yuni, aka soke shi. Duk wannan lokaci, a rukunin mulkin soja za ka rubuta Najeriya, ka kuma sa shekarar a gefe, domin kafin ƙarshen Nuwamban 1993 jam'iyyun biyu ma an rushe su.