Yadda Ake Shirya Wasan Kwaikwayo na Mutum Ɗaya a Damagaram

Da farko, ka zaɓi labarin mutum guda, misali saurayin da ya dawo daga ci-rani a Agadas ya tarar an yi sadakar bakwai ta mahaifinsa, kowa yana yi wa yayyensa gaisuwa, shi kuwa babu mai tambayar halin da yake ciki. Idan labarin na gaskiya ne, ka nemi izinin iyalin, ka kuma sauya sunaye.

Sannan ka rubuta maganarsa kamar yana yi wa marigayin, yana kiransa Baba, domin baƙin ciki ya fi fitowa idan akwai wanda ake faɗa wa. Kada muryoyin sauran mutanen da za ka kwaikwaya su wuce uku, kowacce da alamarta: hula ga kawu, mayafi ga inna, carbi ga liman. A ganina wannan matakin ya fi kowanne wuya, saboda dole mai kallo ya gane mai magana tun kafin ka buɗe baki.

Bayan haka ka yi gwaji a tsakar gida gaban mutum biyu, ka lura da inda hankalinsu ya kauce, ka rage wurin.

Ranar wasa, tabarma da fitila ɗaya sun isa, ko a unguwar Birni ko a ta Zango, kuma kada ka wuce minti 30.