Yadda ake jan wayar hoto mai nisa daga kwamfuta zuwa majigi

A masallatai da makarantun Islamiyya na Agege, Idi-Araba da Mile 12 a Legas, sau da yawa majigi yana rataye a silin ko a sashen mata na sama, kwamfutar kuwa tana can gaba kusa da malam. Kuskuren da aka fi yi shi ne a shiga Computer Village, kasuwar kwamfuta ta Ikeja, a ce wa mai shago ya kawo wayar hoto ta HDMI mafi tsawo, a dawo a cusa ta cikin silin, sai ranar fara tafsiri hoto ya riƙa ɗaukewa. Nisa ne ke zaɓar irin wayar, don haka da awo ake farawa.

Ɗauki igiya ka bi ainihin hanyar da wayar za ta bi: hawan bango, ratsa silin, zagaye ginshiƙi, sauka zuwa majigi. Ƙara mita 2 a kan abin da ka samu. Zauren da tsawonsa mita 15 ne yakan ci waya mita 25.

Idan awon bai wuce mita 10 ba, HDMI ta tagulla ta wadatar ga hoton 1080p, wato mai ɗigo 1920x1080. Mai kauri, wadda aka rubuta 24 AWG a jikinta, takan kai mita 15. Lambar na raguwa, kaurin tagullar na ƙaruwa. Hoton 4K kuwa yana neman ninki huɗu na bayanan 1080p, bayan mita 5 ba a amince wa tagulla da shi. Kafin ka damu da 4K, duba takardar majigin. Da yawansu 1024x768 ko 1280x800 ne iyakarsu, tura musu fiye da haka wahalar da waya ce kawai.

VGA, mai shuɗin kai da fil 15, har yanzu tana aiki a tsofaffin majigai, tana kai mita 20 zuwa 30. Ba ta ɗaukewa gaba ɗaya, sai dai rubutu ya yi dishi-dishi da inuwa a gefensa, kuma ba ta ɗaukar sauti.

Daga mita 15 zuwa sama hanya biyu ce. Ta farko HDMI mai zaren gilashi a ciki, ana samunta har mita 100. Siririya ce, wayar wuta ba ta damunta, amma tana da gaba da baya: kan da aka rubuta Source na kwamfuta ne, mai Display na majigi. Ka juya su, ba za ka ga komai ba, kuma in ka riga ka ja ta cikin bututu sai ka zare ta duka. Aibinta babba shi ne idan kai ɗaya ya karye ba a gyara shi, an yi asarar wayar ke nan.

Ta biyu, wadda ta fi dacewa da aikin da za a binne, ita ce ƙananan akwatuna biyu, mai turawa da mai karɓa, da wayar Cat6, irin wadda ake haɗa intanet da ita, tsakaninsu. Masu araha sukan kai mita 50 zuwa 60 a 1080p. Masu tsarin HDBaseT suna kai mita 70 ko 100 gwargwadon samfurin. Wayar za ta tafi kai tsaye daga akwati zuwa akwati, ba yanki, ba haɗi, ba bi ta na'urar raba intanet.

A nan ne kasuwa ke cin mutane. Katan ɗin Cat6 mai mita 305 iri biyu ne a Alaba da Ikeja: mai tagulla zalla, da alminiyam da aka shafa wa tagulla a baya, wanda ake kira CCA. Na biyun ya fi sauƙin kuɗi, kuma shi ke hana akwatin kai rabin nisan da aka rubuta masa. Kada ka tsaya ga rubutun katan. Roƙi mai shago ya yanko maka ɗan guntu, fere robar, ka kankare zare ɗaya da wuƙa. In fari ya fito daga ciki, alminiyam ne. Ko ka kara masa wutar laita: alminiyam zai lanƙwashe ya zube nan take, tagulla ta yi ja ta tsaya.

Wajen matse kan RJ45, wato kan da ake sa wa wayar Cat6, jera launukan iri ɗaya a ɓangarorin biyu bisa tsarin T568B: fari da lemo, lemo, fari da kore, shuɗi, fari da shuɗi, kore, fari da ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Kada ka warware murɗin zaren fiye da santimita 1, murɗin nan shi ke kare sigina. Gwada da testa ka ga fitilu 8 sun kama a jere.

Kafin kowa ya hau tsani, shimfiɗa wayar gaba ɗayanta a ƙasa, haɗa ainihin kwamfutar da ainihin majigin, ka bar bidiyo yana tafiya minti 30. Gwajin shago da talabijin ɗinsu ba ya wadatarwa.

Wajen ja, bar tazarar aƙalla santimita 30 tsakaninta da wayar wuta, in dole su haɗu su gitta juna, kada su jera. Nisanta ta da fankar silin da wayar janareta. Kan HDMI ba ya shiga bututun milimita 20, nemi na 25, na 32 ma ya fi in akwai kwana. Naɗe kan da tef, ka ɗaura igiyar ja a jikin wayar, ka bar wata igiyar a bututun don gaba. Ɓeraye a silin ɗin Legas ba sa raga wa wayar da aka bari tsirara. Inda kuma za ta bi ƙasa na kwana ɗaya, kamar wurin walima, a lulluɓe ta da tef mai faɗi ko a bi da ita gindin bango.

Sai batun wuta, wanda ya fi ƙona kaya a garin nan. Gine-gine da yawa ba su da wayar ƙasa (earth) mai kyau, kwamfuta na kan inbata, majigi na kan janareta. Bambancin da ke tsakaninsu yana bin wayar hoto: a VGA za ka ga layi yana hawa allo a hankali, a HDMI kuwa yana iya kashe ramin da ake cusa wayar gaba ɗaya idan aka cusa waya kaya na kunne. Ciyar da su daga wuta ɗaya in da hali, ka kashe su kafin haɗawa ko cirewa.

Idan fararen ɗigo suna walƙiya a hoto, ko allo yana baƙi na daƙiƙa biyu ya dawo, sigina ce ba ta isa da ƙarfi. Sauke hoton zuwa 720p. In ya daidaita, laifin waya ne. Idan majigi ya rubuta No Signal, danna maɓallin Windows da P ka zaɓi Duplicate, sannan ka tabbata majigin yana kan ramin da ka sa wayar. Bai zo ba, kashe komai, kunna majigi da akwatunan tukuna, kwamfuta daga ƙarshe, domin a lokacin tashi take tambayar majigi girman hoton da yake karɓa. Wayar gilashi tana shan wutarta daga ramin kwamfuta, wasu adaftocin USB-C kuma ba sa ba ta isasshiya. Ɗan mahaɗin HDMI mai jan wuta daga USB, a sa shi ta ɓangaren Source, yakan warware wannan.